Gyalen Inna a Fuskar Matar Masar

Kwanon shan da ke hannun Inna Lydia ne ya fara faɗuwa, kafin kowa ya buɗe baki. Ya bugi siminti ya yi ta juyawa yana ƙara, ruwan ya gangara ƙarƙashin tabarmar baƙo.

Ƙauna tana bayan labule. Ta dafe ƙirji da hannu biyu. Ta ji abin da ya faɗa sarai, amma ta so a ce kunnenta ne ya yi mata ƙarya.

Ranar ce Chiedozie ya zo gidansu a unguwar Jama'a neman izinin turo iyayensa. Ɗan Ogbonna ne, mai sayar da kayan gyaran mota a Sabon Gari. A Zariya aka haife shi, Hausar kasuwa da ta titi babu wadda bai iya ba. Ita kuwa Ƙauna tela ce a Samaru, 'yar farin marigayi Barau da aka binne a daminar da ta wuce. Hularsa tana nan rataye a ƙusa. Kekensa yana jingine da bango, tayoyin sun sace, an rasa mai ƙarfin halin gusar da shi.

Baffa Japhet, ƙanin marigayin, shi ya zauna a matsayin uba. Dama ba son maganar yake yi ba. Yana da wanda yake so mata, Mordecai, soja a barikin Basawa, ɗan ƙauyensu kuma ɗan cocinsu.

Tun daga gaisuwa ya fara.

"An ce mini kai mai tonon kabari ne."

"A'a Baba. Tarihi na karanta, irin na kayan mutanen dā da ke cikin ƙasa."

"Da me kake fito da su?"

"Da cebur. Wani sa'in da ɗan buroshi."

"In ka tona me kake samu?"

"Tukwane, duwatsun niƙa... wani lokaci ƙasusuwa."

Baffa ya juya ya dubi Inna. "Kin ji ko? Cebur da ƙasusuwa. Amma ba mai tonon kabari ba ne." Ya sake juyowa. "Matan zumuntar coci kuma sun ce kun kwaso gawawwakin mutanen Fir'auna kun jera a Samaru za a yi kallo."

Nan fa Chiedozie ya samu abin da yake so ya faɗa. Ya gyara zama, ya manta da tsoro.

"Nuni muke shiryawa a kansu, Baba. Mutanen Masar na dā sukan busar da mamaci su naɗe shi da farin ƙyalle, ya yi shekaru dubbai bai ruɓe ba. Aka kwashe su aka kai gidajen tarihi aka sa a gilashi. Aka laƙaba musu suna ɗaya dukansu, wai mummy, kamar sunan wani kaya. Yara ma sun ɗauka dodannin fim ne. Yanzu wasu gidajen tarihin sun fara canzawa. Ni ma na yi ta rigima da abokan aikina har suka yarda. Na ce a rubuta mutum. A rubuta mace. In an san sunanta a rubuta sunanta. Wanda ya mutu ba kaya ba ne, Baba. Girmama shi shi ne a kira shi da sunanshi."

Inna ta gyaɗa kai a hankali. Ƙauna ta hango ta ta hudar labule, zuciyarta ta yi sanyi. Ta ce a ranta, yau dai Allah ya sa ya yi magana mai kyau.

Sai ya ɗaga ido ya ga hular nan a ƙusa.

"Kamar Barau," in ji shi, muryarsa ta yi laushi. "Barau mutum ne. Ya taɓa zaunar da ni a bakin gonarshi ya gasa mini masara da hannunshi. Ba zan so a yi ta cewa marigayi, marigayi, har a shafe shi ba. Barau ne."

A nan kwanon ya faɗi.

Fiye da shekara talatin Inna ta yi da mutumin nan, sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. Maigidan take cewa, ko babanku. Haka ta ga uwarta ta yi, haka kakarta ta yi tun kafin coci ya iso ƙauyensu. In sa'o'insa suka tsaya a ƙofar gida suka ƙwala masa kira, daga ciki take amsawa, "Yana gona!" Iyakarta ke nan. Balle wanda ya zo neman aure, shi ko inuwar sunan ba ya takawa.

"Kai!" Baffa ya miƙe tsaye, rigarsa na rawa. "Sa'anka ne? Tare aka yi muku kaciya? Ni da muka fito ciki ɗaya ban taɓa ce mishi komai ba sai Yaya. Kai ka zo daga Sabon Gari ka zauna a tabarmarshi, a gaban matarshi, kana jan sunanshi kamar mai kiran akuya?"

Chiedozie ya dubi wannan, ya dubi waccan. "Baba, girmama shi na yi..."

"Tashi."

"Don Allah a gaya mini abin da..."

"Na ce tashi! Ka haɗa shi da gawar arnan Masar, ka ce girmamawa!"

 Inna ta cusa bakin gyalenta a baki, ta miƙe, ta wuce Ƙauna a ƙofar ɗaki kamar ba ta san da mutum a wurin ba. Wani sauti take yi a maƙogwaro wanda Ƙauna ba ta taɓa ji ba, ko ranar jana'iza.

Da ƙarar babur ɗin Chiedozie ta ɓace, Baffa ya leƙo.

"Ke Ƙauna, kin dai gani da idonki. Lahadi bayan sujada mutanen Mordecai za su zo. Ki wanke fuskarki."

Washegari ba ta buɗe shago ba. Ta hau keke napep ta nufi kasuwar Sabon Gari, rumfar Mama Oby, uwar Chiedozie, inda take sayar da agushi da busasshen kifi da manja.

Tun daga nesa Mama Oby ta ɗaga mata hannu.

"Kauna, zo nan, zo. Yaron nan tun jiya bai ci komai ba, ya zauna kamar kaza mai mura. Ya zagi mamanki ne?"

"A'a Mama."

"Ya fasa wani abu?"

"A'a."

"To me ya yi?"

"Ya kira sunan Baba."

Mama Oby ta tsaya da gwangwanin awo a hannu tana jiran sauran. Da ta ga babu saura ta ce, "Sai kuma me?"

"Shi ke nan."

"Bai kira daidai ba?"

"Daidai ya kira."

"Chineke!" Ta ajiye gwangwanin. "To sunan na ajiya ne? An sa mishi don a kulle a akwati? Mu a gida, in tsoho zai fasa goro sai ya kira iyayenshi da suka mutu ɗaya bayan ɗaya, su zo su ci. In ka tsallake mutum ka yi mishi laifi. Ni ban gane ba. Ku kun binne mutum, kun binne sunan kuma?"



Mama Oby ta juya ta yi wa mai sayen kifi ciniki, ta dawo. "Ki ji, ina son ki. Amma ba zan bar ɗana ya rame a kan wannan ba. Daberechi tana nan, 'yar ƙawata. A gidansu ko kakan kakansu ka kira da suna sai su kawo maka kujera da abin sha. Babanshi ma ya fara maganarta jiya. Yana ciki, je ki gan shi."

Yana zaune a bayan rumfa a kan buhun agushi, da rigar jiya a jikinsa. Da ya gan ta ya miƙe, sai kuma ya rasa inda zai sa hannunsa.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"In gaya maka me, Dozie? Ban san ana gaya wa mutum irin wannan ba. Kamar in ce maka kada ka shiga coci ba riga."

"A garin nan aka haife ni. Abokaina Hausawa sun fi Ibo yawa."

"Ka taɓa jin ɗayansu ya kira sunan surukinshi?"

 "Ban taɓa lura ba."

"To ka gani." Hawayen da ta riƙe tun a keke suka zubo. "Ni kaina Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ni ce 'yar fari. Ke take ce mini. Ke, zo. Ke, ci abinci."

Ya zaro ido. "Ba ta son ki ne?"

"Don tana so na ne!"

"Don tana son ki ba ta kiran ki?"

"Eh!"

Ya dafe kai ya koma kan buhun. "Ƙauna, kaina ya ɗaure. Wata da watanni ina faɗa a wurin aiki a kan a daina ɓoye mutane a bayan kalma ɗaya. Akwai wata mace a cikin hotunan nan, an san sunanta, an rubuta a jikin akwatinta, amma shekara da shekaru lamba ake ce mata. Ranar da aka yarda a rubuta sunanta sai da na yi ƙwalla. Na zo gidanku da abu mafi kyau da na sani, na ajiye a gaban mamanki. Sai ya zama zagi."

"Lahadi za su zo."

"Su wa?"

"Mutanen Mordecai."

Ya ɗago. Idonsa ya yi ja. "Kin yarda?"

"An tambaye ni ne? Inna ce kaɗai za ta iya tsayar da Baffa, ita kuma tun jiya ko ruwa ba ta karɓa daga hannuna ba. Ka zo ka durƙusa. Ka ce shaiɗan ne, ka ce ka yi nadama."

"Zan durƙusa. Zan kwanta a ƙasa ma. Zan ce na yi nadamar sa ta kuka." Ya dube ta. "Amma in na ce na yi nadamar kiran sunanshi, ƙarya na yi. Ina son mutumin nan, Ƙauna. Shi kaɗai ne a gidanku ya taɓa tambayata aikina ba don ya yi dariya ba."

"Ni za ka rasa a kan suna?"

"Ba haka na ce ba."

"Haka ka ce! To ka je ka auri matar Masar ɗinka, ka yi ta kiran sunanta har ta amsa!"

Ta fito tana goge fuska da bayan hannu. Mama Oby ta bi ta da ƙullin kifi tana cewa ta kai wa mamanta, ko waiwaye ba ta yi ba.

A bakin titi tana jiran abin hawa sai ga Mordecai a kan babur, cikin kakinsa. Ya tsaya, ya kashe injin, ya cire hula kafin ya gaishe ta. Haka yake, komai nasa a kan hanya. Ranar da aka binne Baba ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, shi ne ya shiga ramin da kansa ya kwashe taɓo da bokiti. Ba ta manta ba.

"Hau in kai ki."

Ta hau don ƙafafunta sun gaji.

Sai da suka yi nisa ya yi magana, bai juyo ba. "Na ji abin da ya faru. Marigayi bai cancanci haka ba."

Ya ci gaba da cewa, "Ni ba zan matsa miki ba. Baffa ne ya sa rana, ba ni ba. Amma kin san ni, na san gidanku. Ba sai an koya mini inda zan zauna da abin da zan ce ba. Marigayi ya san ni tun ina yaro."

Gaskiya ya faɗa, ta sani. In ta aure shi babu kwanon da zai sake faɗuwa a gidansu.

Amma wani abu ya tsaya mata a rai har suka iso Jama'a. Duk sanda Mordecai ya ce marigayi, ba ta ganin komai sai tudun jar ƙasa da gicciyen katako. Jiya kuwa, da wancan marar kunyar ya buɗe baki ya faɗi abin da ba a faɗa, sai ta ga Baba a tsugune a bakin gona, yana hura gawayi, hayaƙi na shiga idonsa yana dariya. Ta ji kunyar kanta da wannan tunanin. Ta rasa wanne ne mai laifi a cikinsu, ta rasa ko ita ce.

Kwanakin da suka biyo baya gidan ya zama kamar an sake yin rasuwa. Inna takan yi tuwo ta rufe, ba ta ci. Chiedozie ya zo ya durƙusa a ƙofar gida, Baffa ya ce in bai tashi ba zai kira masa sojoji. Matan zumunta suka zo yin addu'a, suka ƙare da ba da labarin wai a Samaru har ana jin warin gawawwakin daga bakin titi.

Ranar Juma'a da safe Ƙauna tana shara, sai ta ji murya a bayanta.

"Ke. Ɗauko gyalenki."

"Ina za mu, Inna?"

"Wurin gawawwakin nan."

"Inna, hotuna ne fa, na gaya miki..."

"Zan gani da idona."

Ta shafa man zafi a hankici ta ƙulle a bakin zane saboda wari. Ta yafa shuɗin gyalen da take yafawa tun rasuwar. 

Wani dogon ɗaki ne mai farin fenti a jami'ar da ke Samaru. An jera manyan hotuna a bango, wasu suna jingine a ƙasa ba a rataya ba tukuna. Wata ɗaliba ta taso da sauri.

"Sorry Mama, ba a buɗe ba fa, sai next week."

"Ni ba kallo na zo ba," in ji Inna, ta wuce ta.

Chiedozie yana kan tsani da guduma a hannu. Da ya gan su saura kaɗan ya faɗo. Ya sauko ya zube a ƙasa.

"Mama, sannu da zuwa. Mama, don Allah..."

Inna ta toshe hanci da hankicin, ta dubi dama ta dubi hagu. A hankali ta sauke shi ta shaƙi iska.

"Ina suke?"

"Su wa, Mama?"

"Mutanen."

"Ba su nan. Hotunansu ne kawai. Wasu suna Masar, wasu suna ƙasashen Turai."

"Me ya kai su Turai bayan sun mutu?"

"Kwashe su aka yi."

"Danginsu suka yarda?"

"Babu dangin, Mama. Sun daɗe da ƙarewa."

Ta dube shi kamar ba ta yarda ba. Ta fara bin bangon a hankali, hannunta a baya. Ta wuce hoton akwati mai zanen tsuntsaye. Ta wuce na wani da aka naɗe tun daga kai har ƙafa. Sai ta tsaya.

Mace ce. An kwance ƙyallen daga fuskarta zuwa wuya. Fatar ta yi baƙi ta manne da ƙashi, idanun a rufe, leɓen ya ɗan janye ana ganin haƙora. Ƙauna ta kawar da kai.

Inna kuwa matsawa ta yi.

"Kitso ne a kanta."

"Eh Mama."

"Ƙanana ma. Wannan ba aikin gaggawa ba ne." Ta ɗaga yatsa ta bi layin kitson a kan hoton ba tare da ta taɓa ba. "Wata ta zauna ta ɗora kan nan a cinyarta. Tana kuka tana yi. Na san irin zaman." Ta ja numfashi. "Me aka rubuta a ƙasa?"

Chiedozie ya dubi Ƙauna, ya dubi rubutun. 

"Akwai suna a ciki, Mama. In faɗa?"

"Da za ka faɗi na gidana ka nemi izini? Karanta."

Ya share murya. "Tanefer. Mace ce, mawaƙiya a haikalin garinsu. Ta rasu tana tsakiyar shekarunta. Mutanenta sun gyara jikinta da kulawa."

"Mawaƙiya," in ji Inna. "'Yar kwayar coci ke nan." Ta juyo ta dube shi. "Kai ɗanta ne da kake kiran sunanta? Ko jikanta?"

"Ba ta da kowa, Mama, shi ya sa. Su a wurinsu, muddin ana faɗin sunan mutum bai gama tafiya ba. Don haka suka rubuta a jikin akwatin, ko wani mai wucewa zai karanta."

"Ko baƙo?"

"Ko baƙo."

"Fuskar fa? Ita ma cewa suka yi a buɗe wa mai wucewa?"

Ya sunkuyar da kai. "A'a. Mun yi gardama a kan wannan ma. Wasu sun ce in ba a ga fuskar ba ba za a yarda mutum ce ba. Wasu sun ce a cire hoton. Ni ban san wanne ne daidai ba."

"Ni ma ban sani ba," in ji Inna. "Amma ba zan iya tsayawa ina kallonta haka ba."

Ta zare shuɗin gyalen daga kafaɗarta. Ta yi ɗage ta rataya shi a saman hoton, ta ja gefe da gefe, ta lallaɓa shi kamar yadda ake rufe mai barci. Gyalen ya sauko ya rufe har rubutun.

"Ina sunan yake a nan? Ni ban iya karatu ba."

Ya nuna mata da yatsa.

Ta naɗe bakin gyalen ta soke shi sama kaɗan, sunan ya fito.

Sannan ta nemi benci ta zauna, ta juya masa baya, tana fuskantar bango. Ƙauna ta tsuguna a gefenta.

"Ranar jana'iza Fasto ya faɗi sunanshi," Inna ta fara, muryarta ƙasa-ƙasa. "Daga nan ban sake ji ba. Ƙaninshi Yaya yake cewa. Ku Baba kuke cewa. 'Yan coci marigayi. Sa'o'inshi da ke tsayawa a ƙofa su ƙwala kira sun daina zuwa, me zai kawo su? An ce an rubuta a jikin gicciye. Nakan je in tsaya in kalli rubutun, ban san ta ina ya fara ba."

Ƙauna ta kama hannunta. "Inna..."

"Bari in gama. Uwarshi ta binne 'ya'ya kafin shi, shi ya sa ta sa mishi sunan nan, don a bar mata shi. Ita ta gaya mini ina amarya. In ina tankaɗe ni kaɗai nakan ce bari in gwada, ba mai ji. Sai ya zo nan," ta taɓa maƙogwaro, "ya tsaya. Bakina bai san hanyarshi ba. Sai ga yaron nan ya zo ya zauna a tabarma ya fito da shi kamar ba komai." Ta share ido da gefen ɗankwali. "Na shiga ɗaki ina kuka. Baffanki ya ce kukan an ci mini mutunci ne. Na ce to, wataƙila shi ne. Na kwana na tashi ina tambayar kaina, fushi nake yi ko me? Har yanzu ban sani ba. Rashin kunya dai ya yi. Babba ma."

"Na yi, Mama," in ji Chiedozie daga inda yake durƙushe. "Ki yafe mini."

"Yi mini shiru."

 Ɗalibar nan ta sulale ta fita.

"Ke," in ji Inna, "toshe kunnenki."

Ƙauna ta sa yatsu a kunne. Ba ta danna sosai ba.

Inna ba ta juyo ba. Bango take yi wa magana.

"Faɗa. A hankali. Irin yadda ake kira daga ƙofar gida."

Chiedozie ya dubi Ƙauna, ido cike da tambaya, ko tarko ne. Ita ma ba ta sani ba. Ta dai gyaɗa masa kai.

Ya ɗaga kai ya kira. 

"Barau."

Kafaɗun Inna suka girgiza. Ta rufe ido. Can ta amsa, da 'yar muryar da ta saba amsawa daga bakin murhu.

"Yana gona."

Ƙauna ta sauke hannuwanta ta kifa kai a cinyar uwarta, ta yi kukan da ba ta samu yi ba tun damina. Inna ta bar ta ta yi, tana shafa mata baya, ita ma nata na sauka ba sauti.

Da abin ya lafa Inna ta miƙe, ta gyara ɗaurin zane, fuskarta ta koma yadda aka san ta.

"Kai."

"Na'am, Mama."

"Daga yau ka kulle bakinka. A gaban mutane Baba ne. In na sake jin ka faɗa a gaban kowa, da muciya zan bi ka."

"To, Mama."

"In ba kowa, ni zan gaya maka lokacin." Ta nufi ƙofa. "Baffanta ya ce wa mutanen Basawa Lahadi. Ka ce wa babanka ya zo Asabar."

Chiedozie ya miƙe a rikice. "Asabar... gobe ke nan fa, Mama."

"Na ce maka ban san kwanaki ba ne? Karatu ne ban iya ba. Ya zo da goro. In zai kira matattunshi ya kira su a gidanshi kafin ya fito."

"Inna, Baffa fa?" in ji Ƙauna.

"Ni na haife ki ko shi?"

Har sun kai bakin ƙofa Ƙauna ta waiwaya. Shuɗin gyalen yana nan a bango, iskar fanka na kaɗa shi kaɗan-kaɗan, sunan yana leƙowa a ƙasa.

"Inna, gyalenki."

"Bar mata," in ji Inna. "Ta fi ni daɗewa a waje."

Ta fita cikin ranar Samaru da ɗankwali kawai, kafaɗa a buɗe, abin da ba ta taɓa yi ba tun tana amarya. Ƙauna ta cire nata gyalen ta bi ta da gudu.